Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Ƙera Zarton Inji da Dillalansu

Zuwa ga shugabannin kamfanonin ƙera zarton inji, da dillalansu manya da ƙanana, da masu kasuwannin intanet da ake baje wannan haja a cikinsu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Sana'ata hawa bishiya da igiya, in rage mata rassa, ko in sauke ta gunduwa-gunduwa idan ta tsufa a wurin da ba halin a kayar da ita gaba ɗaya. Da injinanku nake neman abin sawa a bakin salati, kuma na yaba ingancin da yawa daga cikinsu, don haka ku karɓi wannan takarda a matsayin maganar mai sayen kayanku da ke son ya ci gaba da saye. Maganar kuwa a kan inji ɗaya ce: ƙaramin zarton nan mai mariƙi a sama. Kun ƙera shi domin mai horo da ke rataye cikin rassa, kun rubuta haka a littafin da ke cikin kwalinsa, amma yau duk wanda ya ga dama sai ya mallake shi, ba mai tambayarsa ko ya taɓa ɗaura igiya a ƙugunsa. Roƙona gare ku shi ne ku daina sayar da shi sai ga wanda ya nuna shaidar horo, a kowace ƙasa, ta kowace hanya, kuma ku ɗauki nauyin samar da horon a inda babu shi.

Kun fi ni sanin yadda aka tsara shi, amma wasiƙar a buɗe take, kuma cikin masu karanta ta akwai waɗanda ba su taɓa riƙe shi ba. Zarto na gama-gari mariƙansa biyu suna nesa da juna: hannun dama can baya a kan totur, hannun hagu a gaba kan ƙarfen da ya kewayo injin. Wannan tazara ita ce ƙarfin mai yanka, da ita yake danne inji idan ya yi tutsu, wato ya fizgo baya. Mai mariƙi a sama kuwa an ɗauke mariƙin bayan an ɗora shi bisa injin, hannayen biyu suka dawo dab da juna. Dalilin yin haka ba abin zargi ba ne. A saman bishiya wuri ƙunci gare shi, mutum na tsaye a kan reshe ko yana jingine da igiya, dogon inji ba ya juyuwa a tsakanin rassa. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 11681 ma gida biyu ya raba su: kashi na ɗaya na zarton aikin daji, kashi na biyu na zarton gyaran bishiya, wanda nauyinsa ba ya wuce kilo 4.3 idan tanki babu mai kuma an cire sarƙa da harshe, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai. Wasu ko kusa da haka ba su kai ba, Echo CS-2511T kilo 2.3 ne kacal.

Rashin nauyin nan shi ke jan mutane. Nauyin injin ya daidaita ƙarƙashin tafin hannu guda, duk wanda ya ɗauke shi daga kan kanta da hannu ɗaya yake ɗauka, kuma yadda ya ɗauke shi a kanti haka zai riƙe shi a wurin aiki idan ba a koya masa akasin haka ba, har abin ya zauna masa a jiki.

Ga abin da ke faruwa kuwa. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, a wasu injinan ƙwararru ma fiye da haka. A gefen sama na ƙarshen harshen, inda sarƙa ke karya kwana, haƙori yakan ciji itace fiye da abin da zai iya yankewa. Da wurin ya taɓa wani reshe da ke ɓoye bayan wanda ake yanka, sai sarƙar ta cije, ƙarfin injin duka ya koma kan harshen, ya wurgo shi sama da baya, saitin fuska da wuya da kafaɗar hagu. Kafin ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari an gama. Saboda wannan kuka sa birkin sarƙa, kuma hanya biyu yake kamawa: ko bayan hannun hagu ya bugi garkuwar da ke gabansa, ko ƙarfin fizgar ya tayar da shi da kansa. Ƙa'ida ta ce ya tsayar da sarƙa cikin abin da bai wuce kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa ba. To, mai yanka da hannu ɗaya ya riga ya zubar da hanya ta farko, don babu hannun hagu a bayan garkuwar. Ina hannun yake? Yana riƙe da reshen da ake yankawa, taƙi ɗaya ko biyu daga sarƙar, don kada reshen ya faɗa kan rufi ko wayar lantarki. Ko tutsu ba a yi ba, sarƙa takan zame ta bi jikin reshe ta tarar da yatsu, ko a ƙarshen yanka injin ya zarce ƙasa da nauyinsa ya sauka a kan damtse ko cinya ko igiyar da ran mutum ke rataye a kai. Igiyar da ke ɗauke da nauyi taɓawa ɗaya take so. Shi ya sa ƙa'idar aikin bishiya ta Amurka, ANSI Z133, ta ce mai yanka a sama ya kasance a ɗaure ta wuri biyu kafin ya ja totur.

Raunin zarto kuma ya bambanta da na wuƙa. Wuƙa rabawa take yi, likita ya haɗa ya ɗinke. Sarƙa kwashewa take yi, faɗin haƙoranta duka, ta tafi da tsoka da jijiya, ta bar man inji da garin katako a ciki. Idan ta sami babbar jijiyar jini a damtse ko cinya, mintuna kaɗan mutum ke da su, ga shi a sama, motar asibiti ko ta iso ba ta hawa bishiya. Sai abokin aikinsa da ya iya hawa ya je ya sauko da shi.

A Birtaniya an fahimci wannan, an kuma jera horon bisa shi. Dokar amfani da kayan aiki ta 1998, wadda ake kira PUWER, ta wajabta horo a kan duk mai amfani da zarto a bakin aiki, hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ta ƙasar, HSE, kuma ta ce mai mariƙi a sama na aikin sama ne kawai, a hannun wanda aka horar. Takardun shaidar City & Guilds NPTC, cibiyar da ke gwada ƙwarewar ma'aikatan, hawa-hawa suke. Sai ka iya gyaran inji da yanka a ƙasa, sannan kayar da ƙananan itatuwa, sannan hawa da ceton wanda ya ji ciwo a sama, daga nan ne za a gwada ka a kan yanka kana rataye da igiya. An canza musu lambobi, amma har yanzu CS38 da CS39 ma'aikata ke ce wa biyun ƙarshen. Ku dubi jerin da kyau: ceto ne ya riga zarto. A Jamus ma haka, kwas ɗin SKT-A na hawa da ceto ne, sai an wuce shi ake shiga SKT-B inda ake ba ka inji a sama. Dillalan manyan kamfanoni a Birtaniya kan nemi ganin takardar kafin su miƙa wa mutum mai mariƙi a sama, kuma sun yi hakan ne bisa tsarin da masu sana'ar suka ɗora wa kansu, ba don majalisa ta ce za a ɗaure mai saye ba. Na jinjina wa waɗanda suka riƙe wannan, domin na san akwai ranar da ciniki ke tsaye a gabansu da kuɗi a hannu, su ce masa a'a.

Sai dai kun sa ƙofa a gaba, katanga kuwa a rushe take ta baya. Wanda dillali ya hana, kafin ya isa gida ya yi odar irinsa ta waya. Ga tsofaffi na hannu da ke yawo daga mai shi zuwa wani ba littafi ba bayani. Ga na kwaikwayo marasa suna, masu kamar naku har launi, waɗanda garkuwarsu ado ce, ka tura ta gaba sarƙa na ci gaba da gudu. Ga wuraren ba da haya. Ga kuma na batir, waɗanda suka fi ba ni tsoro a yanzu. Mai fetur aƙalla yana da ƙara da hayaƙi da wuyar tayarwa, yana gaya wa mai shi cewa abin ba wasa ba ne. Na batir shiru yake rataye a ƙugu, yatsa ya taɓa kunama sarƙa ta tashi nan take, abokin aikin da ke ƙasa ma ba ya jin alamar cewa inji a kunne yake. Ƙananan na hannu ɗaya da suka cika kasuwannin intanet kuwa, ana tallarsu da hoton mutum yana murmushi, reshe a hagu, inji a dama, ba hular kwano ba gilashin ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bambancin da kuke yi tsakanin ƙasashe. Kamfani ɗaya, inji ɗaya, lambar ƙira ɗaya: a wata ƙasa sai da takarda, a wata kuwa kuɗi ne takardar. Idan kun yarda injin na buƙatar horo a inda hukuma ke sa ido, ba ku da bakin cewa ba ya buƙata a inda hukuma ba ta san da shi ba. A irin waɗannan wurare ma ya fi buƙata, don can ne asibitin da ke iya haɗa jijiyar hannu ya fi nisa, can ne kuma littafin da ke cikin kwali ke zuwa da harsunan da mai sayen ba ya karantawa.

Na taɓa tarar da wani saurayi a kan tsani, tsanin a jingine da reshen da yake yankawa. Sabon inji ne ƙal a hannunsa na dama, ya miƙa shi sama da kansa iya tsawon hannu, hagu kuma ya riƙe matakalar ƙarshe, garin katako na zubo masa a ido yana ƙyafƙyaftawa. Da reshen ya rabu, ragowarsa zai ɗaga sama saboda nauyi ya ragu, tsanin ya rasa majingina. Na yi ta ɗaga masa hannu har ya saki totur ya sauko. Yaro ne mai hankali, mai son aiki, ya saurari duk abin da na faɗa. Da na tambaye shi me aka gaya masa ranar da ya saya, ya ce an nuna masa yadda ake haɗa fetur da baƙin mai. Iyakar karatun da aka ba shi ke nan.

Na san amsoshinku, don na sha jin su, wasu kuma akwai gaskiya a ciki. Za ku ce mai mariƙi a baya ma yana yanka mutane, kuma kowa na saye. Haka ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta kusan mutum 36,000 ake kai wa sashen gaggawa a ƙasar kowace shekara saboda zarton inji, ba kuma duka masu hawa ba ne. A aikinmu ma faɗowa daga sama da dannewar itace sun fi sarƙa ɗaukar rai. Amma babban zarto da kansa yake tilasta maka hannu biyu, ƙaramin kuwa gayyatar hannu ɗaya yake yi, kuma wurin da aka yi shi dominsa shi ne wurin da kuskure ba ya gyaruwa. Za ku ce wanda aka hana ƙarami zai ɗauki babba ya hau tsani da shi, abin ya fi muni. Wannan ma na yarda, shi ya sa "a'a" kaɗai ba ta isa ba. Dillali ya tambayi mutum aikin da zai yi. Yawancin masu neman wannan inji reshe biyu ko uku ne ke damunsu, zarton hannu mai lanƙwasa ko mai doguwar sanda da ake yanka da shi daga ƙasa ya ishe su, sauran kuwa mai sana'a ya kamata su kira. Za ku ce baligi na da 'yancin sayen abin da yake so. Amma sau da yawa mai saye daban, mai hawa daban. Maigida ne ke biya, ya miƙa wa ɗan koyo ko ɗan ƙodago wanda ba shi da bakin cewa ba zai hau ba.

Za ku kuma tuna mini da abin da ya faru a Faransa. A watan Oktoba na 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ci kamfanin ƙera zarto na Stihl tarar Yuro miliyan 7, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rage zuwa miliyan 6 a shekara ta gaba, saboda sharaɗin da kamfanin ya gindaya na miƙa inji hannu da hannu ya zama tamkar hana sayarwa ta intanet. Wasunku sun mai da wannan hukunci hujjar naɗe hannu. Amma hukumar ta amince cewa kamfani na da damar zaɓar dillalansa saboda haɗarin kayan, abin da ta ƙi shi ne toshe hanyar ciniki baki ɗaya. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne sharaɗin ya rataya a kan ƙwarewar mai saye, ba a kan ƙofar da ya shigo ba. Kasuwar intanet da ke iya tantance katin banki cikin daƙiƙa ba za ta gaza tantance lambar takardar shaida ba. Yin haka kuma zai wanke ku daga zargin da mutane da yawa ke yi, cewa maganar tsaro rufa-rufa ce don a kare ribar dillali.

Akwai ƙorafi ɗaya da nake ɗauka da nauyi fiye da sauran, domin daga cikinmu yake fitowa. Akwai dattawan sana'a da suka yi shekaru suna hawa, hannunsu goma cif, ba su da takardar kowa. Akwai matasa da kuɗin kwas ya fi ƙarfinsu, akwai ƙasashe da ko cibiyar gwaji ɗaya babu. Idan kuka sa sharaɗin takarda kuka tsaya nan, kun kori waɗannan zuwa wurin masu kayan kwaikwayo, kun kuma buɗe wa masu buga takardun bogi kasuwa. A nan ne nake so ku sa hannu a aljihu. Kuna da dillalai a kusan kowace ƙasa, kuna horar da kanikawansu a kan gyaran kafireto da canza fistin, to ku horar da masu koyar da hawa da ceto ta wannan hanyar. Tsarin koyarwa ba sai kun ƙirƙiro ba, ga na Birtaniya da na Jamus, ga takardar zarto ta Turai ta ECC mai matakai huɗu ta aikin ƙasa. Wanda ya daɗe a sana'a a gwada shi a kan bishiya, idan ya iya a ba shi shaidarsa ba sai ya zauna aji ba, idan kuma akwai wata ɗabi'a da ta zauna masa a gyara masa. A haɗa lambar jikin inji da lambar shaidar mai shi, yadda ko an sayar da shi na hannu za a san inda ya koma. Filifin ta yi dokar zarto a 2002 da ta sa a yi rajistar mallaka da sayarwa da shigowa da shi. Don kare daji aka yi ta, amma ta nuna bin sawun inji ɗaya-ɗaya abu ne mai yiwuwa.

Dillalai, ku kuma da ku nake a kan abin da ke biye da injin. Kada inji ya fita ba a nuna wa mai shi wandon kariya ba, a kuma bayyana masa yadda yake aiki: dogayen zaruruwa ne a ciki, sarƙa ta yaga saman ta jawo su, su cushe faifan da ke jan ta, ta tsaya. Aji na 1 an gwada shi a gudun mita 20 a daƙiƙa, na 2 a 24, na 3 a 28. Nau'in A gaban ƙafa yake karewa, nau'in C kewaye yake, kuma shi ya dace da mai hawa, don a sama inji na iya zuwa wa ƙafa ta kowace fuska. Zafi gare shi, na sani, amma a gaya wa mutum gaskiya ya zaɓa yana sane. A ba sabon shiga sarƙa mai rage tutsu. A nuna masa ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo, yawanci milimita 0.65, domin mutane da yawa kan goge shi da magagari fiye da kima don injin ya ƙara ci, ba su san tutsu suke ƙara masa ba. Kuma duk injin da ya shigo gyara da mataccen birki, kada ya bar teburinku sai birkin ya tashi, ko da mai shi filogi kawai ya zo canzawa.

Mu ma masu sana'a akwai namu. Bidiyon da wasunmu ke ɗorawa suna lilo da inji a hannu ɗaya yara ke kallo, daga nan suke ɗaukar karatu. Amma wasu daga cikin masu yin haka rigar kamfanoninku ce a jikinsu, injin da ke hannunsu kyauta kuka ba su. Ku janye sunanku daga irin wannan, ku cire shi daga tallanku.

Tun da Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a 1926, wannan masana'anta ta sha gyara kanta. An sa robobi da sifirin masu shanye jijjiga bayan yatsun ma'aikatan daji sun yi ta mutuwa suna fari, an kawo birkin sarƙa a farkon shekarun 1970, yau kuwa ba kamfanin kirki da zai fitar da inji babu shi. Abin da nake nema bai kai waɗannan wuya ba, ba ya buƙatar sabon ƙarfe ko sabuwar fasaha. Stihl, Husqvarna, Echo, Makita da sauranku ku zauna ku amince da sharaɗi ɗaya na sayar da mai mariƙi a sama, na fetur da na batir, ku sa shi cikin yarjejeniyar kowane dillali, ku buƙaci kasuwannin intanet su sauke tallar duk wanda ba ya bin sa, ku kuma faɗa mana a fili a waɗanne ƙasashe za ku fara buɗe horon da kuma yaushe.

Na gode da kuka karanta har nan. Ina sauraron amsarku.

Naku,
Mai hawa bishiya da igiya